Filin Mata: Wadda Ta Taɓa Aikin Asibiti Da Wadda Ba Ta Taɓa Ba

 

A makon nan takardu biyu suka iso mini rana ɗaya, da na karanta su sai na ga kamar shawara aka yi wajen rubuta su. Ta fari daga Bungudu ta fito. Mai ita matar aure ce, 'ya'yanta biyu. Ta ce ta yi shekara biyar tana taimako a wani ƙaramin asibitin unguwa. Ita ce mai rubuta kati ran awon ciki, ita ce mai riƙe yaro in za a yi masa allura, in an fita rigakafin shan inna gida gida kuma da ita a ke fita. Bana Allah ya ba ta shiga kwalejin koyon aikin jinya da ke Gusau. Amma ta ce tsoro ya hana ta barci, don ta daɗe da barin aji, ga shi za a haɗa ta da yaran da ta girme wa da kusan shekara goma. Tambayarta ita ce, shin aikin nan da ta yi zai amfane ta, ko kuwa shekarunta kawai ta ɓata?

Ta biyu daga Tsafe. Yarinya ce budurwa, bara ta gama sakandare, jarrabawarta ta yi kyau, ita ma ta sami shiga. Ta ce ita ba ta taɓa ganin jinin da ya fi na yankan kaza ba. An kuma gaya mata waɗanda suka taɓa aikin asibiti za su bar ta a baya tun watan fari, ta sha kunya a koro ta gida. Har ta fara tunanin ta haƙura da wurin, tun da ga wani ya fito neman aurenta.

To, kun ji. Ɗaya tana tsoro don ta yi aiki, ɗaya tana tsoro don ba ta yi ba. Zan ba su amsa a nan gaban kowa, don na san akwai irinsu da yawa da ba su rubuto ba. Ni ma da na ke wannan magana, sai da na yi shekara uku ina shara da wanke fo a wani asibiti kafin in sa farin kaya. Saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Bari mu fara da yadda hanyar ta ke, don iyaye su ma su sani. Mai son aikin nas sai ta ci darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Hukumar da ke kula da nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke yin jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasin. A tsarin da mu muka bi, karatun shekara 3 ne, watanni 6 na farko kuwa su a ke kira PTS. A 'yan shekarun nan makarantun sun koma kwalejoji, ana shiga ta hanyar JAMB, a yi ND shekara 2, a ɗora da HND shekara 2. Suna ya sake, amma watannin farkon nan har yau su ne rariya. A nan a ke tankaɗe, a nan kuma tambayar 'yan'uwan nan biyu ta ke da nauyi.

'Yar'uwata ta Bungudu, da ke zan fara. Ba ki ɓata shekarunki ba ko kaɗan. Abu huɗu za ki shiga makaranta da su, waɗanda ba a sayar da su a kantin littattafai.

Na fari, cikinki ya riga ya saba. Ran da aka fara kai sababbin ɗalibai ɗakin majinyata, za ki ga wata ta toshe hanci, wata ta jingina da bango jiri yana ɗibarta. Warin miki, da amai, da jinin haihuwa, da kukan uwar da ɗanta ya cika, duk waɗannan ke kin gan su. Sa'ad da 'yan ajinku ke fama da zuciyarsu, ke kunnenki yana wajen malama.

Na biyu, idonki ya buɗe. Wadda ta yi shekara biyar tana rubuta kati ran awo ta ga mata masu ciki ɗaruruwa. Ta san fuskar mai lafiya, ta san fuskar da ta kumbura. Ina tuna wani dare ina aji ɗaya, aka kawo wata mai ciki wata takwas. Ta ce kanta ke ciwo, idonta kuma yana ganin walƙiya. Na dubi fuskarta da yatsunta, na ga irin kumburin da na sha gani a wurin aikina na dā, kafin mace ta kama jijjiga. A lokacin ban san sunan ciwon a littafi ba. Na dai ruga na ta da sista na ce, "Sista, don Allah a auna jinin matar nan yanzu." Aka auna, ya hau ƙwarai, aka kira likita, Allah ya sa aka tari abin da wuri. Daga baya a aji aka koya mana cewa in awon jinin mai ciki ya kai 140 bisa 90, abin lura ne. Nan take karatun ya zauna mini, don na riga na san fuskar da ke bayan wannan lamba. Gani ya kori ji.

Na uku, harshenki ya iya magana da mutane. Wadda ta bi gidaje da akwatin rigakafi ta san yadda a ke sallama, ta san yadda a ke durƙusa wa uwar miji, ta san yadda a ke lallashin maigidan da ya ce ba za a ɗiga wa ɗansa kome ba. Kada ki raina wannan. A watan Agusta na 2020 aka shaida cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma mata irinki ne suka taka ƙasa da ƙafarsu har aka kai ga haka. A asibiti ma haka ne. Tsohuwar da ta zo daga Kwatarkwashi ba za ta faɗa wa mai ɗaure fuska gaskiyar jiƙon da ta sha a gida ba. Amma in kika ce, "Sannu Inna, ya jikin?" kika zauna kusa da ita, sai ki ji kome.

Na huɗu, ƙafarki ta san tsayuwa, kin kuma san abin da kika zo nema. Aikin dare ba zai zo miki baƙo ba. Yarinya da yawa ta shigo don sha'awar farin kaya, da ta ga fo sai ta ce ba haka ta zata ba. Ke kuwa kin ga fo tun kafin ki ga farin kaya.

Waɗanda suka yi Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Tsafe, suka fito da takardar CHEW ta shekara 3 ko JCHEW ta shekara 2, su nasu ya ƙara da cewa sun taɓa karatun sassan jiki, sun iya awon zafi da awon jini. Amma su ma kada su sa rai takardar nan za ta ɗauke musu aji ɗaya. Hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma daban, ta nas daban. Kowa daga tushe zai faro.

To, yanzu sai ki gyara zama, don zan faɗa miki wadda ba ta da daɗi. Wannan aikin da zai taimake ki, shi ne kuma zai iya kā da ke. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga abin da ya same ni. Ran da aka fara gwada mu aikin hannu, aka ce in wanke wa wani majinyaci miki. Na ce a raina, wannan ai na yi shi ya fi sau ɗari. Na tura teburin kaya, na kwance bandeji, na wanke, na ɗaure, tun kafin 'yar'uwata ta gama jera almakashi. Ina jira a yaba mini, sai malamar ta dube ni ta ce, "'Yata, hannunki yana da sauri, amma kin faɗi." Ta lissafa mini. Ban wanke hannu ba kafin in fara. Ban tambayi mutumin sunansa ba, balle in gaya masa abin da zan yi masa. Ban ja labule ba. Na goge mikin, na kuma sake komawa kansa da audugar da na riga na yi amfani da ita. Ban rubuta kome a takardarsa ba. Daren nan na yi kuka har idona ya kumbura. 'Yar'uwata da ba ta taɓa ganin miki ba ita ta ci, don ta bi abin da aka koya mata ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa abin da hannuna ya saba na bi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wadda ta yi aiki inda ba ruwan famfo, ba isasshen safar hannu, ga layi har waje, ta koyi gajerun hanyoyi ba da saninta ba. Waɗannan sai an kankare su. Bari in ambata uku da na fi gani.

Ɗaya, wanke hannu. A 1847 wani likita mai suna Semmelweis, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya lura masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan magani kafin su taɓa mace, mutuwar ta ragu ƙwarai. Yau shekara ta fi 170, har yanzu wanke hannu kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa shi, shi ne darasi na ɗaya.

Biyu, mai da murfin allura bayan an yi amfani da ita. Kada ki yi. A nan ne ma'aikata ke soke yatsunsu, su ɗauki ciwon hanta ko wani abin da ya fi shi. Daga jikin mutum sai akwatin zubar da allura.

Uku, wurin yin allura. Akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa. Wanda ya koyi allura da gani, a kemis ko a gida, in ya same ta, ƙafar yaro na iya shanyewa. Don haka a ke raba ɗuwawu gida huɗu a yi a na sama ta waje, jariri kuwa a cinya a ke yi masa. Mai taimako ta san inda a ke sokawa. Nas ta san abin da ke ƙarƙashin fatar. Bambancin ke nan, shi kuma kika je nema.

Sai kuma littafi. Nan ne 'yan matan ajinku za su fi ki da farko, kada ki ji haushi. Za a ce ki haddace ƙasusuwan jikin babban mutum, su 206. Za a ce ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ki nuna inda jini ke shiga da inda ya ke fita. Za a ce ki san bugun jijiyar babban mutum 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya, numfashinsa 12 zuwa 20, na jariri kuwa ya fi haka sauri nesa. Duk da Turanci. Ga kuma lissafi. Misali, likita ya rubuta a yi wa mutum ƙarin ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar kuwa ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya. Ɗigo nawa za ki sa a minti? Ki buga 500 sau 20, ya ba ki 10,000. Awa 4 minti 240 ne. Ki raba, ya ba ki kusan 42. In kika kasa wannan lissafi, ruwa ya yi wa mai ciwon zuciya ko ƙaramin yaro gudu, to rai ne a hannunki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ki nemo littafin Lissafi da na Bayoloji na sakandare, ki riƙa ba su awa ɗaya kowane dare bayan yara sun yi barci.

In kin shiga aji kuma, ki kama bakinki daga cewa, "Mu a wurinmu ba haka mu ke yi ba." Ki bari malama ta gama, in kina da tambaya ki yi ta da ladabi. Wata malamar ma sa'arki ce, ko ƙanwarki. Ki girmama ta, don ilimin da ke kanta kika zo ɗiba.

Akwai wata Baturiyar Ingila, Florence Nightingale, wadda a ke tunawa da ita kowace 12 ga Mayu, ranar nas-nas ta duniya. Ita ma da hannu ta fara. A 1851 ta je wani asibiti a Jamus ta yi 'yan watanni tana koyo. A 1853 ta riƙe wani ƙaramin asibitin mata a London. A 1854 ta tafi da mata 38 jinyar sojoji a ƙasar Turkiyya lokacin yaƙi. Da ta dawo, duk da abin da idonta ya gani, ba ta ce aiki ya isa ba. A 1860 ta buɗe makarantar nas a asibitin St Thomas. Wadda ta fi kowa aikin hannu ita ce ta fi kowa sanin hannu kaɗai bai isa ba.

Yanzu ke 'yata ta Tsafe. Kada ki kuskura ki bar wurin nan. Jiri da ganin jini ba alamar rashin dacewa ba ne. Na san manyan sistoci da suka zube ƙasa ran da suka fara ganin haihuwa. Maganinsa ki karya kumallo kafin ki shiga ɗakin majinyata, in kin ji kanki yana juyawa ki faɗa, ki zauna, gobe ki koma. Mako biyu uku ya wuce. Ke kuma kina da abin da 'yar'uwarki ta Bungudu ke nema, kwanya mai ɗanyen karatu, da hannun da bai koyi kuskure ba.

Kafin a buɗe makaranta, ga abin da za ki iya yi. In wata a danginku ta kwanta asibiti, ki ce ke za ki yi zaman jinya. Ki lura da yadda a ke juya mai dogon kwanciya duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi miki. Ki raka yayarki awon ciki, ki buɗe ido da kunne. Ki koyi haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki sa yatsu biyu a wuyan hannun Kaka, ki ƙirga bugun jijiyarta da agogo. Amma allura da rubuta magani, kada ki taɓa, ko wa ya ce zai koya miki. Ki bari sai makaranta.

Batun aure kuwa, ba na hana ki, alheri ne. Sai dai a yi maganar karatun a fili tun kafin a sa rana, gaban iyaye, kowa ya ji. Matan aure da yawa sun yi karatun nan sun gama da goyo a baya.

Shawarata gare ku ku biyu ita ce, in Allah ya haɗa ku a aji, ku nemi juna. Ta Tsafe ta koya wa ta Bungudu lissafi da haddar ƙasusuwa. Ta Bungudu ta riƙe hannun ta Tsafe ran da aka fara shiga ɗakin haihuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni da 'yar'uwata da ta ci wankin miki ran da na faɗi, haka muka yi, tare kuma muka karɓi lasin.

Sauran magana ga iyaye mata da uwayen miji, ku kuma isar da ita ga masu gida. Na san tsoronku. Tun abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Jangebe a 2021, ba uwar da za ta tura 'yarta makarantar kwana zuciyarta ba ta ɗar ba. Ba zan ce ku daina tsoro ba. Ku dai bincika inda za ta kwana, in da hali ta zauna cikin makaranta ko gidan dangi a cikin gari, ta kuma bar tafiyar yamma a kan hanya. Amma ku auna ɗaya gefen. Wace ce a cikinmu ba ta san matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ba, don maigida ya ce namiji ba zai duba masa iyali ba, mace kuwa babu a asibitin garin? Saboda wannan giɓi ne aka yi shirin Women for Health daga 2012 zuwa 2020, wanda Zamfara na cikin jihohin da ya shafa, aka riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye da matan aure ana shirya su don su cika sharuɗɗan shiga makarantun lafiya. Muna so mace ta duba mu. To, macen nan 'yar wani ce, matar wani ce. In kowa ya hana tasa, wa za ta zo?

Aikin nan kuma ba baƙo ba ne gare mu. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a can kuma aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da ya sami rauni a yaƙin Khandaƙ.

Uwar miji, in kin riƙe jikokinki surukarki ta tafi aji, kina da lada cikin kowane jaririn da za ta karɓa. Maigida, in ka yi haƙuri da tuwon da bai zo kan lokaci ba na 'yan shekaru, wata rana cikin dare ƙofarka mutanen unguwa za su buga, kai ma ka ji daɗin abin da ka shuka.

'Yar'uwata ta Bungudu, 'yata ta Tsafe, ina jiran takardunku bayan jarrabawar farko, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kayan da ɗaliba za ta tanada kafin ta tafi, da yadda mai goyo za ta raba lokacinta tsakanin yaro da littafi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa albarka a hannun masu jinya. Amin.

Wassalam. Taku, Gwaggo.